Shagon tura fim na wajen Mabera: in dai Ibro kake nema, nan za ka

Jama'a masu neman tsohin fina-finan barkwanci, akwai wani ɗan shagon tura fim a waya nan wajen Mabera cikin garin Sakkwato da ya kamata ku sani, ba zan faɗi sunanshi ba kar a ce talla aka biya ni, amma kowane mai kabu-kabu na unguwar ya san wurin. Shagon bai kai ya kawo ba, benci guda, kwamfuta guda, sai wata fanka da ke ta ƙara ba iska, ga wayoyin caji sun cika teburi. Abin da ke cikin kwamfutar shi ne magana.

Yaron da ke riƙe da shagon ya ware folda guda sukutum ta marigayi Rabilu Musa Ibro, kuma ba jibge su ya yi haka nan ba kamar yadda sauran ke yi, ya jera su daga na zamanin kaset har zuwa na ƙarshe kahin rasuwarshi a Disambar 2014. To in ka bi su a jere za ka ga yadda mutumin ga ya canza. Na farko-farkon ɗan siriri ne, wasan ƙauye zalla, ga Kulu ga Tsigai ana ta rigimar gida, kyamara guda sauti na shiga iska, amma wallahi dariyar ta fi ta yanzu. Daga baya sai ya koma shiga rigar kowa, yau ɗan sanda gobe malami jibi boka, duk abin da anka yi a gari sai ya mai da shi fim. Mutumin Ɗanlasan ne ta Warawa a Kano, an haihe shi 1971, kuma ya yi aikin gidan yari na shekara 8 kahin ya bari ya rungumi wasa, ni ina ganin can ya koyo yadda yake taka masu kaki, don tsayuwar da muzuran ba na koyo ba ne. Har Ibro Aloko yana ciki, wanda a kanshi kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace fina-finai ta Kano ta ɗaure shi wata 2 a 2008.

Akwai kuma ɗan abin da ya samu na Samanja, Usman Baba Pategi da ya rasu 2023, ba su da yawa amma dattawa na zuwa musamman don su. Wani tsoho na ishe can yana cewa yaro sa mani na soja, yaron ya ce Baba memorinka ya cika sai an goge wani abu, tsohon ya ce goge komi ban da karatu.

Kuɗi ba tsada, naira 100 kowane fim, in ka ɗauki da yawa ya yi maka ragi.

Inda matsala take, hoton wasu daga cikin tsohin nan ya mutu, daga kaset anka kwaso su, layi-layi na bi ta tsakiya kuma baki na gaba murya na baya. Wasu kashi na 1 kawai ke akwai ba na 2, ana cikin daɗi sai ya yanke, kuma ba ya gaya maka sai ka isa gida. Sannan in ba wuta sai ka zauna jiran a tada janareta, da zahin Sakkwato ga wannan fankar kun san sauran. Ku sa shi ya buɗe maku kowane ɗaya ku gani kahin ku biya, ku tai da memori mai fili, kuma ku je bayan la'asar don da dare samari sun cika wurin da neman fassarar Indiya.