Kallon tsuntsaye a gaɓar arewa maso gabashin Ingila: Bempton, Farne ko Lindisfarne?

Kafin ka zaɓi wuri, duba watan da za ka je, domin a wannan gaɓa wata ne ke yanke hukunci. Tsuntsayen da ke sheƙa a kan duwatsu da tsibirai suna nan ne daga Afrilu zuwa ƙarshen Yuli. Masu zuwa daga can arewa don gudun sanyi kuwa sai Satumba suke fara sauka. Wanda ya je neman fafin a Nuwamba, tsuntsun nan baƙi da fari mai kaurin baki ja da rawaya, zai tarar da ramuka wayam, don masu su suna tsakiyar teku.

Idan kwana ɗaya kawai kake da shi, ni Bempton zan tura ka. Wuri ne a gabashin Yorkshire kusa da garin Bridlington, inda duwatsun alli suka miƙe sama da mita 100 daga ruwa. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke kula da shi, ta kuma kafa dandamali masu shinge a bakin dutsen, wasu har keken guragu na kaiwa gare su. Tsuntsayen teku wajen rabin miliyan ke taruwa a nan lokacin sheƙa. Sarkinsu shi ne ganet, fari fat mai ɗan rawaya a ka, wanda faɗin fukafukansa ya kusan mita 2. Idan iska ta taso sai ka gan shi yana shawagi daidai fuskarka, kafin ya naɗe fiffike ya faɗa ruwa bayan kifi. Ganet yakan daɗe har cikin Satumba, don haka ko ka makara ba ka yi asara ba. Babu ruwanka da jirgin ruwa, kuma akwai tashar jirgin ƙasa a ƙauyen, tafiyar kusan kilomita 2 a ƙafa. Rauninsa ɗaya: akwai fafin, amma kaɗan ne, maƙale a tsagar dutse, sai da madubin hangen nesa da haƙuri.

Mai son ganin fafin har ya ƙoshi, tsibiran Farne ne nasa, a gaɓar Northumberland. Daga tashar ruwa ta Seahouses ake shiga jirgi. Dubun-dubatar fafin ke haƙa rami suna ƙyanƙyasa a can, kuma a Yuni da farkon Yuli za ka gan su suna sauka da ƙananan kifaye jere a baki, taku kaɗan daga inda kake tsaye. Ko wayar hannu ta isa ɗaukar hoto mai kyau.

Sai dai Farne na da sharuɗɗa. Kuɗi biyu ake biya: na mai jirgi, da na sauka tsibiri, wanda ƙungiyar National Trust mai kula da tsibiran ke karɓa daga waɗanda ba mambobinta ba. Lokacin da ake ba ka a kan tsibirin bai wuce kamar sa'a ɗaya ba. Teku kuma ba ta san alkawari ba. In ta yi fushi sai a soke tafiya da safiyar ranar, saboda haka kada ka ɗora komai a kan rana guda, ka bar wata ranar a ajiye. Mai saurin jiri ya sha magani tun a tudu. Murar tsuntsaye ta sa an rufe tsibiran ga masu sauka daga tsakiyar 2022 har duk 2023, aka sake buɗe ɗaya daga cikinsu, Inner Farne, a 2024, don haka a tambayi wane tsibiri ne a buɗe kafin a biya. Kuma ka zo da hula mai kauri. Tsuntsun tan na Aktik, siriri mai wutsiya kamar ta tsattsewa, yana sheƙa a gefen hanya, kuma yana saran kan duk wanda ya gifta, har da fitar jini. Ni dai ina yi masa uzuri: masana na Jami'ar Newcastle sun bi sawun ɗaya daga Farne, suka tarar ya yi tafiyar kilomita 96,000 zuwa Antaktika da dawowa tsakanin 2015 da 2016.

Tsibirin Coquet, daura da garin Amble, na masu neman abin da ba kasafai ake gani ba ne. Nan ne kaɗai a Birtaniya wani tan mai ɗan ja-ja a ƙirji ke sheƙa kowace shekara, sannan ya yi hunturu a gaɓar Afirka ta Yamma, musamman wajen Gana. Ba a yarda kowa ya sauka ba, daga cikin jirgi ake kallo. Sabon shiga ba lallai ya iya bambanta wannan tan da sauran ba.

Lindisfarne, tsibiri a gaɓar Northumberland, daban take, ta lokacin sanyi ce. Daga Satumba wata irin dinya mai fari-fari a ƙasan cikinta ke zuwa daga tsibiran Svalbard na Norway, tana kiwon ciyawar ruwa a filin taɓo, tare da agwagi da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu. Tsuntsayen suna nesa, ƙaramin madubi ba ya isa, sai babba mai ƙafa uku. A Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Hanyar mota zuwa tsibirin tana nutsewa sau biyu a rana idan ruwa ya ciko, kuma hukumar gundumar Northumberland tana wallafa jadawalin lokutan da ake iya ƙetarawa lafiya. A duba shi don shiga, a sake dubawa don fita. Ɗakin da aka gina kan dogayen ƙafafu a tsakiyar hanya na direbobin da ruwa ya ritsa da su ne, mota kuwa a ruwan gishiri take kwana.