Gargaɗi: kilo 8 na "duwatsun tankin kifi" sun kashe min kifi 11

Wallahi har yanzu hannuna rawa yake yi. Kifi 11 cikin 14. Shekara uku ina kiwon kifi a tankin gilashi na lita 120, ban taɓa rasa fiye da ɗaya a lokaci guda ba, sai da na zuba duwatsun da na saya a shafin wani mutum.

Kafin wani ya ce sakaci na yi, na tambaye shi. Sau uku na tambaye shi, don marmara tana sauya ruwan tanki, shi kuwa dutsen kwatz ba ya sauya shi. Na ce, "Malam, ka tabbata ba marmara ba ne?" Ya turo saƙon murya yana dariya: "Haba Alhaji, kwatz ne zalla, ni ma shi ne a nawa tankin." Wannan "ni ma shi ne a nawa tankin" ita ce ta hana ni barci. Na saurari saƙon nan ya fi sau ashirin daga jiya zuwa yau, ina neman inda ya kamata in gane ƙarya ce. Har bidiyo ya turo min, kifaye na yawo a kan fararen tsakuwa, ruwa garau. Wa ya san daga inda ya kwaso bidiyon.

Kilo 8 na saya, biyar farare, uku shuɗaye. Na tura kuɗin gaba ɗaya tun kafin kaya su iso, don ya ce wani ma yana so. Kilo 8!

A rana ta huɗu jatan landen da ke tankin suka fara mutuwa. A'a, kafin nan ma, tun ranar da nake wanke shuɗayen a bokiti na ga ruwan ya ɗan sauya launi, tafin hannuna ya yi shuɗi-shuɗi. Na kira shi, ya ce ƙurar hanya ce, in ɗauraye sau biyu shikenan. Na ɗauraye sau biyar. Kun ga ai ban yi gaggawa ba. Abin da ya fi ƙona min rai, kwalbar ruwan khal da ake gwada dutse da shi tana nan a gidan, ban ɗauko ta ba saboda mutumin ya yi min magana kamar wanda ya san sana'arsa.

Da na auna ruwan, pH ɗin (ma'aunin tsamin ruwa) da ya saba zama a 6.8 ya haura 8, wato tsamin ya tafi. Kifayena neon tetra ne, asalinsu daga kogunan yankin Amazon, ruwa mai laushi (mai ƙarancin ma'adinai) da ɗan tsami suke so. Na ga sun kode, jan da ke jikinsu ya dusashe, suna tasowa saman ruwa suna haki. Da safe in tarar da biyu manne a bakin filta, da yamma ɗaya a ƙasa. A lokacin ne na ciro farin dutse ɗaya na ɗiga masa ruwan khal. Nan take ya hau kumfa yana tsuwa. Kwatz ba ya kumfa. Marmara da dutsen farar ƙasa su ke yin haka, saboda sinadarin kalsiyom kabonet da ke cikinsu, wanda yake narkewa a hankali yana ɗaga pH da taurin ruwa. Na karce shi da wuƙa, ya karcu kamar alli, alhali kwatz na gaske shi ke karce gilashi ma. Shuɗayen kuwa na fasa ɗaya da guduma, cikinsa fari fat. Rini ne kawai aka shafa a waje, irin tsakuwar da ake zubawa a tukunyar furanni.

Da masu kiwon kifin tafkin Malawi ya sayar wa fararen, da ba komai, su ruwa mai tauri suke so. Amma na gaya masa irin kifin da nake da shi. Har hotonsu na tura masa, su 14.

Na tura masa bidiyon kumfar. Ya ce wai filtata ce ba ta da kyau, daga baya ya ce wai na cika ba su abinci, sai kuma ya toshe lambata. Shafin nasa yana nan, ya canza suna, hotunan dai su ne. Ina da hotunan hirarmu duka, da shaidar tura kuɗi, da saƙon muryar. Zan ɗora su da daddare in na gama canza ruwan ukun da suka rage.

Duk dutsen da kuka saya ku ɗiga masa ruwan khal, in ya yi kumfa ku ajiye shi. Ku jiƙa shi a bokiti mako guda ku auna ruwan. Mai rini kada ma ku taɓa, haka dutsen malakayit mai launin kore, jan ƙarfe ne a cikinsa, yana kashe jatan lande da dodon koɗi.

Ga kilo 8 ɗin nan a buhu a bayan ƙofa, ko kallonsu ba na son yi. "Ni ma shi ne a nawa tankin." Allah ya isa.