Faya-fayan metal: abin da na gani tsakanin kanti da odar gidan waya

Mai son kiɗan heavy metal, wato kiɗan Turawa mai ƙarar jitar lantarki da ganga, da ke zaune a Birmingham ta Ingila ba shi da uzurin cewa ya rasa inda zai sayi faifai. A unguwar Aston ta garin nan 'yan ƙungiyar Black Sabbath suka haɗu a 1968, faifansu na farko ya fito a watan Fabrairun 1970, su ma Judas Priest 'yan wannan yanki ne. Tun da aiki ya kawo ni nake tara faya-fayan CD, wasu in shiga kanti in zaɓa da hannuna, wasu in yi oda a aiko mini har gida. 'Yan uwa sukan tambaye ni amfanin wannan ɗawainiya, alhali duk waƙar da mutum yake so tana cikin wayarsa. Amsar tana ga abu guda, wato bugu, ma'ana wane fitowa ne na faifan daga masana'anta. Shi ne kuma ma'aunin da nake auna kanti da kamfanin oda da shi.

Faifai biyu za su zo da suna ɗaya, hoton murfi ɗaya, amma abin da kunne zai ji ya sha bamban, gwargwadon shekarar da aka buga kowanne. A 2002 an sake fitar da faya-fayan Ozzy Osbourne biyu na farko da ya yi bayan rabuwarsa da Black Sabbath. Saboda rikicin kuɗi da ake yi da Bob Daisley mai jitar bes da Lee Kerslake mai ganga, sai aka goge kiɗansu, aka sa Robert Trujillo da Mike Bordin suka sake kaɗawa. Sai a bugun 2011 aka maido da na asali. Duk wanda ya ɗauki na 2002 yana zaton yana jin abin da aka naɗa a farkon shekarun 1980, to ba shi yake ji ba. Haka Megadeth suka sake cakuɗa sautin tsofaffin faya-fayansu a 2004, har yau masoyansu na gardama a kai. Ga kuma matsalar matse sauti don ya yi ƙara, wadda ta yi ƙamari daga shekarun 1990. Idan aka matse, ganga takan rasa nauyinta, jita ta koma hayaniya zalla, kafin a kai waƙa ta huɗu kunne ya gaji. Faifan da Metallica suka fitar a 2008 ya sha suka sosai a kan haka. A waya, bugun da kamfani ya ga dama ya ɗora shi za ka ji. A faifai kuwa kai ne mai zaɓi, muddin ka san abin da kake nema.

Babban kantin da na fi shiga shi ne HMV Vault da ke Dale End, wanda aka buɗe a 2019, shekarar da ɗan kasuwar Kanada Doug Putman ya sayi kamfanin HMV bayan durƙushewarsa. Wuri ne mai faɗi, an ware wa metal sashensa, an jera komai bisa haruffa, ba ka shan wahalar nema. Ranar Juma'a ake fitar da sababbin faya-fayai, kuma idan ƙungiyar sananniya ce za ka tarar da nata a ranar. Sabon faifai yakan kama fam 11 zuwa 15 a iya sayayyata, tsofaffin da aka sake bugawa kuma sau da yawa ana haɗa su a yi rangwame. Wanda yake fara tarawa, nan zan tura shi. Abin da ya kamata ya sani kawai shi ne kowane kantin sabon kaya bugun da ke kasuwa yanzu yake kawowa, tunda shi kamfanoni ke rarrabawa.

Mai neman tsohon bugu sai ƙananan kantunan da ke sayar da na hannu, kuma a nan ne zuciyata take. Akwai wani da nake zuwa, ɗan tsukuku ne, akwatunan faifai har ƙarƙashin tebur, sai ka tsuguna kana bi ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Mai kantin dattijo ne, ba ya hana ka buɗe kwali. Nakan zaro faifan in riƙe shi ta gefe, in karkata shi wajen hasken fitila in duba ƙarzuwa. Wadda ta tashi daga tsakiya zuwa baki ba ta cika yin illa ba, wadda ta bi da'irar faifan ita ce ke sa waƙa tsalle. Daga nan in duba zoben da ke kewaye da ramin tsakiya, inda masana'anta ke rubuta lambobinta da ƙananan haruffa. Tun wajen 1994 aka fara saka wata lamba mai farawa da IFPI a wurin. Idan aka ce maka bugun 1987 ne amma ka ga wannan lamba, to daga baya aka buga shi, ko da bayan kwalin na ɗauke da tsohuwar shekara. Dattijon ne ya nuna mini wannan, da ɗan gilashin ƙara girman rubutu da yake ajiyewa kusa da akwatin kuɗi. Wata rana na ɗauko wani faifai zan biya, ya karɓa ya juya shi ya ce, "Ɗana, in dai gangar kake son ji, ajiye wannan, akwai tsohon bugu a akwatin ƙasa." Wanda ya nuna minin ya fi araha, kuma da na saka shi a gida na ji abin da yake nufi.

Akwai wani dalilin da ya sa nake son ganin kaya ido da ido. Ni Musulmi ne, ina da yara a gida, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu ƙungiyoyin metal na zana hotunan da ba zan ajiye a falona ba, wasu kuma baitocinsu izgili ne ga addini. A kantin na hannu nakan zaro ɗan littafin da ke cikin kwali in karanta baitocin kafin in biya. Na ajiye faya-fayai da dama saboda haka, ban kuma yi nadama ba. Abin da ya rage yana da yawa: waƙoƙin tarihi, na yaƙi da ɓarnarsa, na talaucin ma'aikatan masana'antu, na mutuwa da baƙin ciki.

Sai dai kanti komai girmansa yana da iyaka. Yawancin metal na yau ƙananan kamfanoni ne ke fitar da shi, kuma da aika kaya ta gidan waya suka ginu. Nuclear Blast, wanda Markus Staiger ya kafa a Donzdorf ta Jamus a 1987, kundin odarsa ya yi suna tun kafin intanet ta wadata. Akwai Napalm Records a Eisenerz ta Ostiriya, da Season of Mist a Marseille ta Faransa, da Earache a Nottingham nan Ingila. Saye kai tsaye daga irin waɗannan ya fi mini kwanciyar hankali, domin babu batun jabu, kuma a wurinsu ake samun bugu na musamman mai kwalin takarda da ƙarin waƙoƙi, wanda kan ƙare kafin ya iso kanti. Kayan da na karɓa daga kamfanonin faifai kusan kullum a kwali mai tauri suke zuwa, an naɗe su da kyau.

Abin da ya sauya lissafi shi ne ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. Daga 1 ga Janairun 2021, kayan da suka fito daga Jamus ko Faransa sun zama kayan ƙetare. Idan kuɗinsu bai haura fam 135 ba, mai sayarwa ne ya kamata ya karɓi harajin kashi 20 cikin 100 tun wurin biya. Idan ya haura, a nan za a caje ka, a ƙara da kuɗin ɗawainiyar masu kawo saƙo. Kuɗin aikawa shi kansa kan kusa kamo kuɗin faifai guda. Shi ya sa na daina odar ɗaiɗai. Nakan rubuta abin da nake so, in jira ya taru, in haɗa da na wani abokin aikina mu raba kuɗin aikawa, muna lura kada mu tsallake iyakar.

Inda na sha takaici shi ne wurin 'yan tireda masu sayarwa a kasuwannin intanet. Wani ya aiko mini da faifai a ambulan ta takarda zalla. Da na buɗe, murfin ya tsage, ƙananan haƙoran da ke riƙe faifan a tsakiya sun kakkarye suna ta kaɗawa a ciki, sun ƙarje fuskar faifan. Wani kuma ya sayar mini da jabu da sunan bugun farko: hoton murfin ya yi dishi-dishi, bayan faifan na ɗaukar ido kore-kore irin na wanda ake kwafa a kwamfuta, babu lambar masana'anta ko ɗaya. Duk wanda ya taɓa sayen faifan fim a bakin kasuwa a gida ya san irinsa da gani. An maido mini da kuɗina, amma sai da aka yi ta kai-komo. A sani kuma, dokar nan ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya mayar da kaya idan ya fasa, amma faifan da ya zo a liƙe, da zarar an yage ledarsa wannan dama ta wuce, sai dai in yana da aibi.

Discogs, wani shafin intanet na kundin faya-fayai da cinikinsu, shi ne ya rage mini wannan caca. An kafa shi a 2000, kuma kowane bugu na da shafinsa daban, da ƙasar da aka buga shi, da shekara, da lambobin zoben nan. Masu sayarwa na bayyana lafiyar faifai dabam, ta kwali dabam. Duk da haka ba na biya sai na nemi a turo mini hoton zoben tsakiya. Mai gaskiya ba ya jin nauyin turowa. Ta nan na samu 'yan faya-fayan bugun Japan, masu ɗamarar takarda a gefe da ake kira obi, waɗanda galibi ke ɗauke da ƙarin waƙar da babu a bugun Turai. Tsadarsu ta sa sai ƙungiyar da nake matuƙar so nake saya wa.

Metal ɗin Afirka kuwa ban taɓa cin karo da shi a kantunan da nake zuwa ba. Skinflint na Botswana, da Arka'n Asrafokor na Togo masu haɗa jita da gangunan gargajiyarsu, duk ta intanet na san su. Irin waɗannan nakan fara leƙa Bandcamp, shafin intanet da makaɗa ke sayar da kiɗansu kai tsaye, domin a can kaso mafi tsoka na kuɗin ke shiga hannun makaɗan ko ƙaramin kamfaninsu. Saƙon kan ɗauki makonni, wani lokacin ma faifan ya ƙare sai an sake bugawa, don haka idan na gan shi a kasuwa ba na jinkiri.