Sharhi: Labarin karo-karo da abokai a Discord

Ni da abokaina mun daɗe muna wani wasan rubutu a Discord, wata manhajar hira ta intanet. Kowa zai ƙirƙiri jarumi ɗaya, ya ba shi suna da hali, sai a riƙa saƙa labari bi da bi. Babu alƙali, babu maki, babu wanda ya san inda za a dire. Wani ya rubuta cewa jaruminsa ya tura ƙofa, na gaba shi zai faɗi abin da ke bayanta.

An ƙaddamar da Discord a 2015 saboda masu wasannin kwamfuta, amma tsarinsa ya dace da wannan harka ƙwarai. Abin da ya fi burge ni shi ne raba ɗakuna. Muna da ɗakin labari zalla, da na bayanan jarumai, da na hira da gardama. Duk wanda ya taɓa gwadawa a zauren da komai ke cakuɗe ya san wahalar: ana tsakiyar artabu da 'yan fashin teku sai wani ya shigo da gaisuwa. Akwai kuma Tupperbox, wata 'yar manhaja da ake ƙarawa, mai sa saƙonka ya fito da sunan jaruminka da hotonsa. Ka ga ita tana taimakawa ba kaɗan ba, domin ido yakan manta abokinka ne ke magana.

Saƙo ɗaya ba ya wuce haruffa 2,000 ga wanda bai biya kuɗin Nitro ba, wato tsarin Discord na masu biya. A ganina alheri ne, yana hana mai dogon zance cinye fili.

Sai dai manhaja ba ta gyara hali. Wasan yana tsaye ne kan ƙa'ida ɗaya: kada ka motsa jarumin wani. Rubuta cewa ka kai sara, amma mai jarumin ne zai ce ya same shi ko ya goce. Ranar da wani a cikinmu ya rubuta cewa jarumata ta fashe da kuka ta roƙe shi gafara, wallahi raina ya ɓaci, domin na gina ta a kan mace ce mai taurin kai. Sai da muka koma ɗakin hira muka sasanta, ya goge sakin layin.

Matsala ta biyu ita ce jira. Mutum ɗaya ya yi shiru, labari ya tsaya cak. Mun yanke cewa idan shirun ya yi tsawo, a tsallake shi, jaruminsa kuma a bar shi inda yake har ya dawo.