Laburaren jami'a ko Google Scholar: ta ina za ki samu takardun kwas?

Malama, kin ce malamin kwas ɗinku na digiri na biyu ya ba ku jerin maƙalu da babobin littattafai da za ku karanta, amma kusan duk wadda kika buɗe sai a nemi dala talatin ko arba'in. Ga shi kina aiki, sai ƙarshen mako kike shiga makaranta. Shi ne kike tambaya ko wahalar rajistar laburare tana da amfani, ko kuwa Google ya wadatar.

Kada ki biya ko sisi tukuna. Hanyoyin nan biyu ba kaya ɗaya suke ɗauke da shi ba, kuma jerin da ke hannunki ne zai nuna wadda za ki fi jingina da ita.

Ta laburare, jami'a ce ke biyan kamfanonin buga mujallu kuɗin shekara, ko ta shiga wani tsarin rangwame, ɗalibi ya karanta a inuwarta. Babban tsarin da ya shafi ƙasashenmu shi ne Research4Life, mai rassa biyar: Hinari na kiwon lafiya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, AGORA na aikin gona a 2003, OARE na muhalli a 2006, ARDI na kimiyya da ƙere-ƙere a 2009, sai GOALI na shari'a a 2018. Wasu ƙasashe kyauta ake ba makarantunsu, wasu kuma su biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da ainihin farashin. Akwai kuma JSTOR, wanda ɗan tarihi ko adabi ko harshe ko siyasa ba ya rabuwa da shi, domin yana ajiye mujallu tun daga fitowarsu ta farko. Idan malaminku irin mai son a koma tushe ne, ya sa maƙalun shekarun 1960 da 1970, to nan za ki same su, ba a Google ba.

Sai dai abin da ya fi shafarki shi ne yadda waɗannan rumbuna ke gane cewa ke 'yar jami'ar ce. Wasu ta intanet ɗin makaranta suke ganewa: muddin kina kan waifai na jami'a ko kan kwamfutocin laburare, ƙofa a buɗe take, da kin koma kan datar wayarki ta rufe. Wasu kuma suna da kalmar sirri ake ba mutum, ko a yi masa rajista a manhaja irin su OpenAthens, EZproxy ko MyLOFT, ya shiga daga ko'ina. Wanda ke kwana a cikin makaranta bai damu da bambancin ba. Ke kuwa amfanin laburaren gaba ɗaya a kansa ya rataya. Don haka idan kin je, kada ki tsaya a kan “kuna da mujallu?”, domin za a ce miki akwai. Ki ce: “Malam, waɗanne rumbuna ne ke aiki bana, kuma wanne zan iya buɗewa daga gida?” Na ce bana ne saboda kuɗin shekara yakan ƙare ba a sabunta ba, sunan kuma ya ci gaba da zama a allon sanarwa.

Idan aka ba ki kalmar sirri, amana ce. Yawanci ta makaranta ce gaba ɗaya, kuma idan ta bazu a waje, ko wani ya zauna ya kwashe mujalla sukutum a dare ɗaya, kamfanin na iya toshe jami'ar duka.

Google Scholar kuwa, shafin Google na neman maƙalun ilimi da ya fito a 2004, dillali ne: ya san inda kaya suke, amma ba nasa ba ne. Kuma shi nake nufi, ba Google na yau da kullum ba. Ki kwafi taken maƙalar yadda yake a jerin ki liƙa. Idan akwai kwafin kyauta, za ki ga PDF a gefe. Idan babu, ki danna All versions da ke ƙasan sakamakon, sau da yawa marubucin ya ajiye kwafi a ma'ajiyar jami'arsu. A kwamfuta ana iya ɗora Unpaywall a kan Chrome ko Firefox, ya nuna koren kwaɗo duk inda halastaccen kwafi yake. DOAJ na tara mujallun da tun asali kyauta ne. AJOL, wanda ya fara a 1998, shi ne matattarar mujallun Afirka, har da na jami'o'in Najeriya da dama, kuma kaso mai yawa a buɗe yake. Shi kansa JSTOR yana barin mai asusun kansa ya karanta maƙalu 100 a wata, amma a kan allo kawai, ba a saukewa.

Wannan hanyar ba ta neman katin shaida, ba ta tashi daga aiki ƙarfe huɗu, kuma ga sababbin maƙalu, musamman na lafiya da kimiyya, tana yin abin a zo a gani. A wannan fannin ma takan sha gaban JSTOR, tunda yawancin mujallun da ke cikinsa sai sun yi shekara uku zuwa biyar da fitowa ake saka su.

Aibinta biyu, kuma na farkon yana cin ɗalibai sosai. Kwafin kyauta sau da yawa rubutun marubucin ne kafin mujalla ta tsara shi, lambobin shafi ba ɗaya ba ne. Malam ya ce a duba shafi na 214, naki kwafin ya ƙare a 28. Don karatu ya isa, amma idan za ki ciro magana ki kafa hujja a kundi, sai kin nemo wanda aka buga. Na biyu, dillali ba ya tantance kaya: mujallar kirki da wadda ke buga komai in dai an biya, duk a layi ɗaya suke fitowa. Muddin taken da malam ya bayar kike nema, babu damuwa. Ranar da kika fara binciken kanki ne za ki buɗe ido.

Babobin littattafai su ne ciwon kai ta kowane ɓangare. Google Books zai nuna miki wasu shafuka ya ɓoye wasu. Littattafan laburare na intanet kuma sukan ƙayyade shafukan da za a sauke, wani ma mutum ɗaya ne zai buɗe a lokaci guda. A nan sau da yawa littafin takarda da ke kan kanta ya fi sauri, ko a tambayi malamin da ladabi ko zai ba shugaban aji nasa kwafin.

Na san wani zai ce ki je Sci-Hub, shafin da ke raba maƙalu kyauta ba da izinin kamfanonin da suka buga su ba. Kotu a Amurka ta yanke hukunci a kansa a 2017 saboda haƙƙin mallaka, tun 2021 kuma da ƙyar yake ƙara sabon abu. Ni ba na tura ɗalibi can. Gara ki rubuta wa marubucin imel na layi uku, adireshinsa yana shafin farko na maƙalar, kuma da yawansu murna suke yi su aiko.

Da ni ce ke, daren nan zan bi jerin ɗaya bayan ɗaya a Google Scholar, in sauke abin da ya samu, in yi alama a kan sauran. Ragowar ce za ta kai ni laburare da katin shaida da filashi. Ki fara tambaya ko sashen kwamfuta na buɗewa ranar Asabar, don ba ko'ina ba ne. Idan kin hau waifai na makaranta, ki buɗe Google Scholar da asusunki na Google kafin ki tafi: yana tuna rajistar jami'ar har kwana 30, ya buɗe miki maƙalun wasu kamfanoni ko kina gida. Ba duka ba ne, amma ga mai shiga makaranta mako-mako, wa'adin ba zai ƙare ba kafin ki sake zuwa.