Lambun ruwa na Chengdu ya burge ni, ɗan jagoran ne ya ɓata rana

Duk wanda ya je birnin Chengdu na ƙasar Sin dabbar panda yake zuwa gani, amma abin da ya tsaya mini a rai wani lambu ne mai tace ruwa, Living Water Garden, a bakin kogin Fu. Wata mai fasaha 'yar Amurka, Betsy Damon, ita ta kawo tunaninsa, aka buɗe shi a 1998. An gina shi da siffar kifi. Ruwan kogi ake jawowa da daudarsa a zuba a wani tafki da ke wajen idon kifin, laka ta kwanta a ƙasa. Daga nan ya gangara ta cikin wasu kwanuka da aka sassaƙa, yana juyi yana shan iska, ya bi ta fadamar ciyayi da iwa, saiwoyinsu suna tsotse ƙazanta. Kafin ya kai wutsiya ya koma kogi, kifaye na yawo a cikinsa, har kana hango ƙasan tafkin. Babu wani magani da aka zuba. Wallahi tsayawa na yi ina kallo, raina na raya mini Jakara ta Kano.

To, sai batun ɗan jagoran da muka ɗauka daga otal. Bawan Allahn nan ya karɓi kuɗinmu gaba ɗaya, har da na "tikiti", muka isa muka tarar kowa shiga yake kyauta, tsofaffi na motsa jiki abinsu. Na yi masa magana, ya yi murmushi ya ce kuɗin bayani ne. Wane bayani? Ta wutsiya ya shigar da mu, muka fara da ruwa garai-garai muka ƙare da mai dauda, kai ka ce lambun gurɓata ruwa yake yi. Abokin tafiyata har yana tambaya me ya sa suka ɓata ruwa mai kyau haka. Sai da na bi yadda ruwan ke gangara na gane baibai muka zaga. Muna neman sake zagayawa ya fara duba agogo, wai shagon ganyen shayin abokinsa zai rufe.

Lambun ya ci tauraro biyar a wurina. Amma da na tuna kuɗin tikitin nan, tafiyar gaba ɗaya ko biyu ba zan ba ta ba. Ku hau tasi da kanku, ku fara daga kan kifin.