Portage na Gentoo: yana faɗa maka matsala tun kafin batir ya ƙone

Abin da ya sa har yanzu ban cire Gentoo, wani nau'in tsarin Linux, daga tsohuwar laftof ɗin shagonmu a Birnin Kebbi ba shi ne Portage, manhajar da ke saka sauran manhajoji a cikinsa. Saurinsa bai kai a yi maganarsa ba, domin yawanci daga tushe yake harhaɗa manhajoji, wato yana gina su a kan na'urarka. Abin yabonsa shi ne ya san lokacin da ya dace ya yi tambaya.

A Gentoo yawancin manhajoji suna da zaɓuɓɓukan da ake kira USE, kai za ka ce a gina su da kaza ko ban da kaza. Rigimar tana tasowa ne idan wata manhaja ta dogara da wata, kuma tana bukatar a ce an gina waccan da wani zaɓi takamaimai. Kwanaki na so saka wa ɗalibai wata 'yar manhajar koyon Python mai tagogi, ita kuwa ba ta tashi sai Python ɗin yana da zaɓin tk, wanda ke zana tagogi. Nawa ba shi da shi. Ina buga emerge --ask, umarnin saka manhaja na Portage, ko fayil ɗaya bai sauke ba ya tsaya, ya nuna layin da zan ƙara a /etc/portage/package.use, wato dev-lang/python tk. Na ƙara, ya jera aikin da kansa: Python tukuna, sannan manhajar.

Da can ba haka abin yake ba. Kafin EAPI 2 na 2008, wato bugun ƙa'idojin Gentoo da ya ba da damar rubuta irin wannan bukata cikin jerin bukatu, mai rubuta ebuild (fayil ɗin da ke faɗa wa Portage yadda za a gina manhaja) yana duba irin wannan ne da umarnin built_with_use, a daidai lokacin da layi ya zo kan manhajarsa. Wato sai an gama gina duk na gabanta sannan ta mutu ta ce koma ka sake. Kamar uwargida ce ta kai miya rabi sannan a ce mata babu daddawa a gidan. Wanda ke da wuta dare da rana zai ja tsaki kawai. Mu da muke lallaɓa batirin sola, ga zafin Afrilu yana sa fankar laftof kuka tun hantsi, asara ce ta yini guda. Na ɗanɗana hakan da wani ebuild na ma'ajiyar da ba ta Gentoo ba, wanda marubucinsa ya ɓoye binciken a tsakiyar aiki maimakon ya rubuta shi cikin jerin bukatu. Da ya faɗi, inbata ta riga ta fara ƙara.

Sai dai gaggawa ma tana da nata ɓarnar, kuma nan ne tsarin ya fi burge ni. EAPI 4 na 2011 ya kawo pkg_pretend, matakin da ke gudana kafin a fara gina komai. Ya dace da tambayar ko faifai yana da wuri, kamar yadda Firefox ke yi, ko kuma yadda aka saita kernel, wato zuciyar tsarin Linux. Bai dace da duba zaɓin manhajar da ake dogaro da ita ba, domin a lokacin wataƙila ba a saka ta ba, ko tana cikin waɗanda za a sake ginawa a wannan zagayen. Idan an duba a nan, amsar ƙarya za a samu. Shi ya sa gara a miƙa bukatar ga mai tsara jerin aiki na Portage, shi da yake ganin abin da ke nan da abin da ke tafe.

Portage ba na sabon shiga ba ne, gaskiya. Saƙonninsa dogaye ne, da Turanci, kuma yaran shago sukan kira ni: "Malam, ya sake yin jan rubutu." Yawanci amsar tana ƙasa-ƙasa, sai an yi haƙurin karantawa.

Tun Disamba 2023 Gentoo ke bayar da manhajoji ginannu, abin da ya rage mana jira sosai. Amma Portage ba ya ɗaukar ginanniyar sai zaɓuɓɓukanta sun yi daidai da naka, saboda haka duk USE ɗin da ka taɓa don marmari, kai za ka biya shi da batirinka.